Lesin, Malamin Gida, Tsoffin Tambayoyi Ko Manhajar Waya: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Da zarar yaro ya shiga aji uku na babbar sakandare, buƙatu sun taso wa mahaifi ke nan: kuɗin WAEC, na NECO, na JAMB, ga kuma abin da za a kashe don karatun ya zauna masa. Na rajista ba makawa sai an biya. Na ƙarshen nan ne ake da zaɓi a kai, kuma a nan aka fi yin asara.

Lesin muke fara tunawa, kuma yana da ranarsa, musamman ga yaron da aka yi zango guda ajinsu ba malamin kemistiri. Amma kafin ka biya, taka da ƙafarka ka leƙa. In ka tarar aji ya cika har bakin taga, malami na ta rubutu a allo yara na kwafa, to makarantar safe ce aka maimaita maka da yamma. Ka tambayi mai wurin: ana ba yara aiki? Wa ke dubawa ya mayar musu da gyara? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

A gidanmu na ga wannan. 'Yar yayata ta yi wata huɗu tana zuwa wani lesin, littafinta tsaf, an ja wa komai layi da jan biro. Ran nan tana haɗa salak, ta barbaɗa wa kokwamba gishiri, ruwa ya taru a faranti. Na ce, "'Yata, me ya fito da ruwan nan?" Ta ce, "Wallahi Kawu, haka dai yake yi." Na ce to mene ne osmosis? Ta zubo mini ma'anarsa da Turanci tiryan-tiryan, ko numfashi ba ta ja ba. Alhali osmosis ɗin nan ne ya fito da ruwan kokwambar. Abin yana kanta, ga shi kuma a farantinta, amma ba wanda ya taɓa haɗa mata biyun.

Malamin gida ya fi kowa tsada, don haka kada ka ɗauko shi don darussa tara. Ka ɗauko shi don guda ɗaya da ya gagara tun daga tushe, galibi lissafi, na 'yan watanni. Sannan wata rana ka zauna gefe ka ga biro a hannun wa ya fi daɗewa. In a hannun malam ne, malam ne ke ƙara ƙwarewa da kuɗinka.

Abin da ya fi araha, a ganina kuma ya fi duka, shi ne littafin tsoffin tambayoyin jarrabawa. A 2013 wani masani a Amurka, John Dunlosky, da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne suka yi zarra: mutum ya riƙa yi wa kansa jarrabawa, da kuma rarraba karatu a kan kwanaki maimakon a dunƙule shi dare ɗaya. Maimaita karanta shafi da ja masa layi suna can ƙasa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba. Ba a wanke allo sai an kife shi an biya wa malam, kuma ana komawa tilawar baya don kada ta zube. Sai dai a nan biyawa kaɗai ba ta isa ba, sai yaro ya faɗi dalilin amsarsa.

Shi ya sa ba kowane irin littafin za ka saya ba. Buɗe shi tun a shagon. Wanda ya jera amsa a baya, 1 A, 2 C, ba bayani, ajiye shi. Hadda kawai zai koya wa yaro. Nemi mai nuna yadda aka kai ga amsar, in da hali wanda aka tsara bisa maudu'i ba bisa shekara ba, don yaro ya gama babi ya gwada kansa a kai nan take. Duba zane-zanen ciki, domin bugun jabu ya yi yawa a kasuwa, za ka ga zanen ya dusashe, wani wurin amsar ma kuskure ce. Kuma na JAMB ba ya wadatar da mai WAEC ko NECO, tunda su akwai rubutun bayani da firaktikal, ba canki-canka kaɗai ba.

Manhajar waya kuwa sauri take koyarwa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun. Ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Don haka manhaja ta makonnin ƙarshe ce, bayan karatu ya zauna. Zaɓi wadda ke aiki ba data, ka kuma tuna wayar da ke ɗauke da ita ita ce mai TikTok da WhatsApp. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, gara ka biya masa jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa, ko 'yan awoyi a shagon kwamfuta.

Saura wanda ba a biya ko kwabo: yara uku ko huɗu su zauna a zaure, kowa ya ɗauki babi ya yi wa sauran bayani da Hausa, littafi a rufe. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne bai gane ba. Kada dai su wuce huɗu, in ba haka ba kafin la'asar an koma musun Arsenal da Chelsea.

In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi littafin mai bayani, ka haɗa yaron da abokai biyu masu himma. In da ragowa, ɗauko malami don darasin da ya gagara. Manhajar karatun JAMB kuma, wato jerin maudu'an da ake fito da tambayoyi daga cikinsu, kyauta take a shafinsu na intanet. A buga masa ita a takarda, ya riƙa soke duk maudu'in da ya iya bayyanawa littafi a rufe. Abin da ya rage bai soku ba, shi za a kai wa malam.