Sharhi kan Yawon Kallon Beyar a Khutzeymateen

Hidimar kwalekwalen da ke ɗaukar baƙi daga garin Prince Rupert zuwa gandun Khutzeymateen, wanda aka keɓe a 1994 domin kare beyar nau'in girizli a lardin British Columbia na Kanada, ta cancanci yabo. Ba a barin baƙi su sauka a tudu, sai dai su hango dabbobin daga kan ruwa suna cin ciyawar gaɓa, jagorori kuwa suna hana hayaniya da matsowa kusa. Kuɗin tafiyar yana da yawa, kuma ganin beyar ba shi da tabbas. Duk da haka ina ba da shawararta, domin tun da lardin British Columbia ya haramta farautar girizli don ajiye kanta ko fatarta a matsayin abin alfahari a 2017, irin wannan hidima tana samar wa mutanen yankin kuɗin shiga daga dabbar tana raye.