Kilinik ɗin da munka kai Baba a Tawa, ga abin da na gani

Jama'a shekara biyu hannun Baba na dama na makyarkyata, ko shayi bai iya riƙewa sai ya zuba mishi a riga, tahiya ma sai jan ƙafa. Duk wanda ya gani sai ya ce tsufa ne a yi haƙuri, mu ma munka yarda wallahi har ya koma kwance. Wata ƙawata ce ta matsa mu kai shi wani kilinik na kuɗi nan cikin Tawa.

Lokotoron bai yi gaggawa ba ko kaɗan, ya auna tansiyo, ya sa Baba ya tashi ya taka, ya lanƙwasa mishi hannu yana cewa "Baba sannu, ƙara taku ɗaya." Da na ce ai tsufa ne sai ya ce a'a ƙanwata, wannan ciwo ne mai suna Parkinson kuma akwai maganin da ke sassauta shi. Ya ce tun 1817 wani likitan Landan James Parkinson ya bayyana shi, daga baya wani likita Charcot a asibitin Salpêtrière na Paris, inda anka tara tsofaffin mata dubbai, ya bi su yana rarrabe abin da shekaru sunka kawo da abin da cuta ce, har anka buga darussanshi kan ciwukan tsofaffi, shi ne ma ya sa ma ciwon sunan Parkinson. Abin da ya fi taɓa ni labarin Marjory Warren ne, likita mace a Ingila da a 1935 anka ba ta tsofaffin da anka yanke ma ƙauna, ta tada su daga gado da motsa jiki, da yawa sunka koma gidajensu. Mu ko mun bar namu a tabarma, abin ya yi min ciwo sosai.

Inda ban ji daɗi ba, jira. Randebu ƙarfe 9 amma sai bayan azahar munka shiga, benci babu majingina ga tsoho, ga matakala a ƙofa sai da yayana ya ɗauke shi. Ardanansin ma, maganin da ya rubuta mai suna levodopa babu a farmasinsu, sai da munka aika Yamai.

Yanzu wata uku kenan, makyarkyatar ba ta tafi duka ba amma Baba na zuwa masallacin unguwa da sandarshi. In za ku je ku riƙo matashin jingina da ruwan sha.