Sarkin duhu da masu kare shi

Darare huɗu na ɗauka kafin na kammala wani gajeren shirin soyayya na waya, irin waɗanda ake ɗauka a tsaye daidai da fuskar waya, kowane kashi minti ɗaya zuwa biyu. Daga China wannan salo ya taso, a manhajoji irin su Douyin da Kuaishou, kafin ReelShort da aka buɗe a 2022 da DramaBox su yaɗa shi da Turanci. Ni a wata ƙaramar manhaja daban na ci karo da nawa.

Labarin wata yarinya ne da aka miƙa fansa ga sarkin wata daula da rana ba ta fitowa. Akwai tsinuwa a kansa: duk daren da wata ya cika sai ya rikiɗa ya koma dodo, kuma duk macen da ya so, ajalinta ya zo. Wannan ne dalilin da aka ba mu na wulaƙancin da yake yi mata, wai don kada zuciyarsa ta kamu.

Aikin ya yi kyau, ba zan tauye su ba. Tunda hoton a tsaye yake, fuska ce ke cika allon, ita kuwa jarumar ta iya magana da ido. Hasken kyandir da duhun fadar sun zauna daram. Kashi na farko-farko kyauta ne, daga nan sai ka sayi sulallan manhajar ko ka zauna kallon talla, kuma kullum a daidai inda ranka ya rataya ake rufe maka ƙofa. Fassarar da ke ƙasa ma tana tuntuɓe nan da can.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda masoyan shirin suka karɓe shi. Suna da kaifin ido, wannan gaskiya ne. Tun kafin a kai rabi wasu suka gano cewa mahaifiyar sarkin ce ta ɗora tsinuwar, daga wani zobe da aka haska a hannunta sau biyu kacal. Ni ban ma lura da shi ba sai da na koma baya.

Sai aka zo inda sarkin ya kulle yarinyar a kurkukun ƙasa kwana uku ba ruwa. Na ɗauka kowa zai yi tir. Ina! Mafi yawa cewa suke ai so ne, yana kare ta ne, a tausaya masa shi ma a wahale yake. Da ta samu hanya ta gudu da taimakon mai gadin ƙofa, sai zagi ya koma kanta: butulu, mara haƙuri. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai. Yarinyar ba ta san da wata tsinuwa ba, mu masu kallo ne kaɗai muka sani. Abin da ta gani shi ne mutum yana azabtar da ita, ta tsira da ranta. Gudun nan, a wurina, shi ne mafi ingancin wuri a shirin gaba ɗaya, domin a nan ne kawai aka bar ta ta yanke wa kanta hukunci.

Marubutan ma sun bi son masu rinjaye. Cutar da aka kwashe kashi fiye da 40 ana yi, a kashi ɗaya tak aka wanke ta: ya durƙusa, ya zubar da hawaye, ta rungume shi. Mai gadin da ya sa wuyansa a kan takobi dominta kuwa ko sunansa ba a sake ambata ba. Mu 'yan tsiraru ne muke tambayar inda ya shiga, muryarmu ta nutse cikin masu kiran a yi zango na biyu.

Idan an yi shi zan kalla, saboda jarumar. Amma ba zan sake sayen sulalla ba sai na ji ko sarkin ya zauna ya faɗa mata gaskiyar abin da ya ɓoye, ya kuma bar mata zaɓin zama ko tafiya.