Kafin a Sayi Kayan Taron Warware Matsala: Allo, Kati ko Manhaja?

Wanda aka ɗora wa nauyin sayen kayan taron bita, musamman taron da ake so jama'a su haɗa kai su warware wata matsala da ta dame su, ya kamata ya fara tambayar kansa a hannun wa alƙalami zai kasance, domin a nan ne kayan da ke kasuwa suka fi bambanta da juna.

Abin da aka fi sabawa da shi shi ne allon manyan takardu mai ƙafa uku, wanda takardarsa ke kai kimanin santimita 59 a faɗi da 84 a tsawo. Ba ya wuyar samu, kuma ana iya naɗe abin da aka rubuta a tafi da shi ofis. Aibinsa shi ne mutum ɗaya ke riƙe da maka (alƙalamin rubutu a allo), sauran suna zaune suna kallo, kuma sau da yawa fahimtar mai rubutu ce ke hawa takarda maimakon kalaman mai magana. Farin allo ma haka yake, ga shi da zarar ya cika dole a goge.

A ganina, kuɗi ya fi yin albarka a kan katunan rubutu masu launi. Wasu 'yan'uwa biyu, Eberhard da Wolfgang Schnelle, suka yaɗa wannan salo a Jamus a shekarun 1970 da sunan Metaplan, daga baya UNICEF ta gina tsarinta na gudanar da taro da katuna mai suna VIPP a kansa a Bangladesh a farkon shekarun 1990. Ƙa'idarsa ita ce kowane kati ya ɗauki ra'ayi guda, rubutun kada ya wuce layi uku, kuma a yi shi da manyan baƙaƙe yadda na baya zai iya karantawa. Da yake ba a sa suna, matashin da ba zai iya buɗe baki a gaban shugabansa ba yana iya rubuta abin da ke cikinsa. Sannan kati yana motsi: idan ana gina bishiyar matsala, wato zanen da saiwoyinsa ke nuna musabbabin matsala, rassansa kuma illolinta, aka gane cewa "rashin gyaran famfo" ba reshe ba ne, saiwa ce, sai a cire fil a mayar da katin ƙasa ba tare da an ɓata komai ba. Allon kafa kati na ƙasar waje yana da tsada da nauyi, amma kafinta zai iya haɗa irinsa, ko kuwa a manna babbar takarda a bango da salatif, a sayi kwali a yanka.

Ƙananan takardu masu gam na Post-it, waɗanda kamfanin 3M ya bazu da su a kasuwa a 1980, sun dace da rukunin mutum biyar ko shida. A babban zaure ba sa karantuwa, kuma bangon da ƙurar hunturu ta hau ba ya riƙe su. Kafin a dawo daga sallar azahar an tarar da rabinsu a ƙasa.

Manhajojin allon rubutu na intanet irin su Miro da Mural suna amfani idan mahalarta suna garuruwa daban-daban, sai dai suna bukatar kwamfuta, data da wuta, domin fuskar waya ta yi ƙanƙanta ga aikin. A kuma tuna cewa Google ya rufe tasa manhajar irin wannan, Jamboard, a ƙarshen 2024, don haka a riƙa sauke kwafin kowane aiki.

Inda yawancin mahalarta ba su saba da rubutun boko ba, sayen kati asarar kuɗi ce. A nan salon da Robert Chambers na Cibiyar Nazarin Ci Gaba da ke Sussex a Ingila ya yi fice wajen yaɗawa ya fi dacewa, wato mai gudanarwa ya miƙa sanda ga jama'a su zana taswirar garinsu a ƙasa, su nuna rijiyoyi da toka, su auna girman kowace matsala da yawan tsakuwa ko wake. Abin saye a nan bai wuce takardar da za a kwafi zanen ba, da maka mai faɗin baki, baƙi ko shuɗi, wanda aka gwada a shago kafin a biya kuɗi.