Ɗakin matuƙin MiG da Sukhoi ko na F-15: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka ce ka saba tuƙa F-15C a manhajar DCS World, wasan kwaikwayon tuƙa jiragen yaƙi a kwamfuta, sai ka koma MiG-29 da Su-27, amma da zarar ka shiga gajimare sai jirgin ya kife da kai, kuma ka rasa gane abin da fitilun nan na gefen dama suke faɗa. Tambayarka ita ce: agogunan jiragen Rasha sun tsufa ne, ko kuwa kai ne ba ka iya karanta su ba? Kuma wanne ya fi?

Ba tsufa ne ya kifar da kai ba. Agogo guda ne, shi ne wanda ke nuna yadda jirgi ya karkata.

A F-15 da F-16 da kusan duk jiragen Yamma, ɗan hoton jirgin da ke tsakiyar agogon a kafe yake, ba ya motsi. Layin da ya raba sama da ƙasa shi ke juyawa. Ka kwanta dama, layin ya karkata hagu, daidai da abin da za ka gani in ka leƙa ta taga. Rashawa kuwa akasin haka suka yi. Layin yana nan a miƙe, ɗan jirgin ne ke juyawa, kamar kana tsaye a bayan jirginka kana kallonsa. Ka kwanta dama, fiffikensa na dama ya yi ƙasa. Ɗaga hanci da sunkuyar da shi ne kawai suka yi kama da na Yamma, don a nan ma'aunin da ke bayan hoton ne ke hawa da sauka.

To ga inda matsalar take. Idon mutum abin da ke motsi yake bi. A F-15 hannunka ya koyi cewa in abin da ke motsi ya karkata dama, jirgi hagu ya kwanta, sai ka tura sandar tuƙi dama. A MiG in abin da ke motsi ya karkata dama, jirgin dama ya kwanta, kai kuma ka ƙara masa dama. Da rana tsaka ba za ka lura ba, domin kana ganin ƙasa ta taga. Cikin gajimare ko da dare, daƙiƙa kaɗan sun isa ka koma ciki a sama.

Kada ka ɗauka abin a wasa ya tsaya. Ranar 14 ga Satumba 2008 wani Boeing 737 na kamfanin Aeroflot-Nord ya faɗi a birnin Perm na Rasha, duk mutum 88 da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun ambaci gajiya da ƙarancin horo da wasu dalilai, kuma a cikinsu akwai cewa matuƙan sun saba da agogon Tarayyar Sobiyat, na Yamman ya rikita su da dare cikin gajimare. Kafin nan, a watan Janairu 2000, jirgin Crossair samfurin Saab 340 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Zurich, mutum 10 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗan Moldoba ne da ya yi horonsa a jiragen Sobiyat, kuma wannan bambanci ya fito a rahoton binciken.

Wanne ya fi a nan? A ganina, ga wanda ke zaune gaban kwamfuta, na Rasha ya fi saurin shiga kai. Kujerarka ba ta karkata, allonka ba ya karkata, don haka ganin ɗan jirgi ya kwanta dama alhali dama ka tura sanda abu ne da hankali ke karɓa ba gardama. Aibinsa yana fitowa ne a gilashin HUD, wanda ake haska bayanai a kai a gaban fuskar matuƙi. A can ɗan jirgin yana juyawa ne a kan ɗakin da shi ma ya riga ya juya, sai ka ga kwanciyar digiri 30 ta yi kamar 60 in ka gwada ta da ainihin ƙasar da ke waje. Na Amurka ba shi da wannan, layinsa yana zaune daram a kan sararin gaske. In kuma wata rana ka shiga MiG-19, ka shirya ganin abin mamaki: tsohon agogon AGI-1 launin ƙasa ne a sama, shuɗi a ƙasa.

Batun ma'auni ba shi da wuya, lissafi ne. Rasha kilomita a awa, mita, da mita a daƙiƙa. Amurka not, ƙafa, da ƙafa a minti. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, mita 1,000 ƙafa 3,281 ce, mita 5 a daƙiƙa kuma kusan ƙafa 1,000 a minti. Haɗarin yana wajen sauka. Idonka ya saba ganin 150 da ɗoriya a F-15 yayin da kake tunkarar titin jirgi. Ka nemi wannan lamba a MiG-29, tun kafin ka kai gare ta jirgin ya daina tashi. Wajen 300 za ka riƙe, allurar sauka tana tsakanin mita 4 da 5 a daƙiƙa. Matsin iskar da ake saita agogon tsayi da shi ma daban ake auna shi: 760 na Rasha shi ne 29.92 na Amurka. Man fetur kilo ne a Su-27, wanda cikinsa ke ɗaukar kimanin 9,400, a F-15 kuwa fam ne. In lissafin ya dame ka, gwada MiG-29G. Shi ne wanda Jamus ta gada daga Jamus ta Gabas a 1990 ta gyara shi ya dace da NATO, don haka ƙafa da not yake nunawa.

Yanzu fitilun da ka ce sun gagare ka. Wannan ita ce SPO-15, da ake kira Beryoza, aikinta ta gaya maka wa ke haska ka da rada. Dube ta da kyau: zanen jirgi ne a tsakiya, fitilu takwas sun yi baka a gabansa, huɗu kowane gefe, an rubuta musu 10, 30, 50, 90. A baya kuwa biyu ne tak, hagu da dama. Babbar fitila rawaya tana nuna ɓangaren da barazana mafi girma take, ƙananan koraye suna nuna sauran. Akwai wani zobe na ƙananan fitilu da ke cika sannu a hankali gwargwadon ƙarfin radar da ke kanka. Ja ta kama a tsakiya, an kulle ka, wato wata rada ta kafe a kanka don harbi. A can ƙasa haruffa shida ne, kowanne na nufin wani jinsi: radar jirgin yaƙi, ta makamai masu linzami na nesa, na matsakaicin zango, na kusa, radar sa-ido ta ƙasa, da ta jirgin sa-ido.

Na F-15C ɗan allo ne zagayayye. Kowace rada tana fitowa da lambarta a inda take: 29, ko 15, ko 10, ko 6, gwargwadon sunan jirgin ko makamin da ke da ita, mafi haɗari an sa mata alamar lu'u-lu'u. Kallo ɗaya ka san su wane ne, su nawa ne, kuma ta ina.

A nan babu ja-in-ja, na Amurka ya fi. Beryoza kamar maigadi ne da zai ce maka "akwai mutum a bayan gida", ba zai ce ɓarawo ne ko maƙwabci ba. Ba ta bambanta F-15 na abokan gaba da Su-27 na abokin tafiyarka, kuma in abu ya koma bayanka sai dai ka san hagu ne ko dama. Sai dai tana da wata baiwa da waɗanda suka daɗe da ita ke ji da ita: zoben nan na ƙarfi. In ka san irin radar, yawan fitilun da suka kama yana ba ka kimanin nisanta, kuma in makami mai radar kansa ya taso maka za ka ga zoben yana cika da gudu, ka san lokacin juyawa ya yi. Ka gode wa Allah ma, a MiG-21bis SPO-10 ce, fitilu huɗu kacal.

Akwai abu na biyu da za ka yi kewarsa: ɗan da'irar nan mai fiffike a HUD na F-15, wadda ke nuna inda jirgin ya dosa a zahiri, ba inda hancinsa ke kallo ba. Ka ɗora ta a bakin titi, can za ka taɓa ƙasa. MiG-29 da Su-27 ba su da ita. Sauka da su sai ka haɗa ido uku, gudu da allurar sauka da kusurwar da iska ke dukan fiffike, kana bin da'irar jagora da alluran PRMG, tsarin da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, wanda shi ne takwaran ILS na Yamma. Ya fi wuya, amma wanda ya iya shi ya iya sauka da kowane jirgi.

Inda Rasha ta rama shi ne faɗa na kusa. Hoton rada a kan HUD yake fitowa, ba sai ka sunkuyar da kai ba kamar a F-15C mai allo daban. Ga kuma idon nan mai ƙyalli a gaban gilashi, wanda ke gano jirgi ta zafin injinsa ba tare da ka kunna rada ba, wato allon abokin faɗanka shiru yake har makami ya tashi. Ga hular da kake kulle jirgi da ita ta hanyar kallonsa kawai, ka sakar masa makami mai linzami R-73. F-15C ɗin da ka saba ba shi da ko ɗaya daga biyun. Haruffan ma ba su da yawa: МРШ hanya, ВЗВ komawa gida, ПОС sauka, ПР an ba ka izinin harbi. Kana iya mayar da su Turanci a saiti, amma ni ina ganin barinsu ya fi, mako guda ya isa idonka ya haddace siffarsu.

Dalilin wannan bambanci duka yana ga yadda aka tsara yaƙin. Matuƙin Sobiyat yana da jami'i a ƙasa mai babbar rada da ke gaya masa ya juya nan, ya hau can, don haka ɗakinsa an cika shi da abin da zai taimaka masa ya bi umarni, ya harba, ya dawo. Matuƙin Amurka an sa ran shi zai nemo wa kansa hoton abin da ke faruwa. Shi ya sa in ka shiga faɗa kai kaɗai da MiG-29 ba mai yi maka jagora, za ka ji kamar an ɗaure maka ido. Su-27 ya ɗan fi sauƙi, domin allonsa na dama yana nuna jiragen da jirgin sa-ido ya aiko masa. Af, farin layin nan da ya ratsa tsakiyar allon agoguna daga sama zuwa ƙasa ba ado ba ne: in jirgi ya ƙwace yana juyi, a kansa ake daidaita sanda don ta koma tsakiya.

Mu ma ba baƙin waɗannan agoguna ba ne. Sojojin saman Najeriya sun tuƙa MiG-17 lokacin yaƙin basasa, suka karɓi MiG-21 a 1975; Nijar da Chadi suna da Su-25, Sudan tana da MiG-29.

Shawarata, ka ajiye F-15 na ɗan lokaci, don haɗa biyun a yini ɗaya shi ke ruɗa hannu. Ɗauki Su-25T, kyauta yake zuwa da DCS World, agogunansa da Beryoza ɗinsa irin na MiG da Su-27 ne, kuma ba shi da gudun da zai hana ka tunani. Saita gajimare mai kauri, hau mita 3,000, kwanta dama digiri 30, miƙe, kwanta hagu, miƙe, idonka a kan ɗan jirgin nan kawai. In ka rikice kada ka fizgi sanda; ɗan taɓa ta gefe ɗaya ka ga inda fiffiken ya nufa, sannan ka gyara. Sai hannunka ya daina jinkiri ka koma MiG-29.