Gyaran daɓe kafin shimfiɗa leda: falo ya yi kyau, bakin ƙofa ya ɓata komai

Ba zan ci haƙƙinsu ba, mutanen nan sun san daɓe. Falona tsohon siminti ne, busasshen gam na tsohuwar leda ya kama ko'ina, ga ramuka, ga wani gefe da ya yi tudu. Ogansu bai tsaya dogon surutu ba. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa, ya nuna mini inda haske ke leƙowa ta ƙarƙashinsa, ya ce in ratar ta wuce milimita 3 leda sai ta tona asirin wurin. Sannan ya manna wata leda mai shara-shara a ƙasa da salatif, ya bar ta ta kwana don a ga ko simintin yana fitar da danshi. Da safe aka ɗaga, ƙasanta a bushe ƙarau. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin linoliyam na asali, wato irin ledar da za a shimfiɗa, da garin katako da mai ake yin sa, bayansa kuma saƙar algarara ce, danshin siminti yana cinye gam ya kumbura shi.

Suka kankare gam ɗin da inji, suka zuƙe ƙura, suka shafa firaima, wato ruwan nan da ke sa sabon kwaɓi ya kama tsohon siminti. Kwaɓin mai daidaita kansa, wato mai ruwa-ruwa da ke bajewa da kansa in an zuba, ba ya jira, cikin minti 15 zuwa 20 ya fara kamawa, shi ya sa ɗaya na damawa, ɗaya na zubawa, ɗaya na bi da abin birgima mai ƙayoyi yana fasa kumfa. Wallahi kallon ma daɗi gare shi. A ranar da an tambaye ni, yabo kawai zan yi.

To sai bakin ƙofa. Firaima ta ƙare saura wuri kaɗan, ina tsaye yaron ya ɗebo ruwa ya yayyafa. Na yi magana, ya ce, "Maigida, ai ruwa ma ya isa." Na juya wajen ogan, ya ɗaga mini hannu wai in kwantar da hankalina. Ruwa bai isa ba. Busasshen siminti yana tsotse ruwan kwaɓi kafin ya nuna, iskar da ke cikinsa kuma ta taso ta huda saman. Tun kafin a shimfiɗa leda na ga 'yan ƙananan ramuka cike da wurin, suka goge da cokalin gini suka ce shi ke nan. Yanzu in ka ƙwanƙwasa wurin ƙara yake kamar ganga, in ka taka kana jin abu yana ruguzuwa a ƙarƙashin ƙafarka. Kuma a ina? Daidai inda kowa ke takawa in zai shigo! Ledar ta fara loɓawa a nan, alhali a lokacin sauran falon ko ƙwarzane ban gani ba.

Na kira, aka yi ta ce mini gobe. Da ogan ya zo daga ƙarshe, cewa ya yi wai jan kujera ne ya jawo. Kujerar wa ake ajiyewa a bakin ƙofa? Abin da ya ƙara tunzura ni, ina cikin nuna masa sai idona ya kai kan wani siririn layi da ya ratsa ledar ta wajen taga. Tsohuwar tsaga ce da na nuna musu tun ranar farko, suka zuba kwaɓi a kanta ba tare da sun buɗe ta sun cike ba. Ƙurar da injinsu ya watsa har cikin kabad kuwa ban ma tayar da zancenta ba.

Ya yi alkawarin yanke ledar bakin ƙofa, ya fasa wurin ya sake zubi, amma ya ce kuɗin sabuwar leda nawa ne, kuma haɗin zai fito. Ban amince ba tukuna. Na dai ɗora tabarmar goge ƙafa a kai.