Fisiyo ko OT: ina za a kai yaron da maɓalli da fensir suka gagara?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce ɗanki shekararsa 5, yana gudu yana tsalle lafiya lau, amma maɓallin riga ya gagare shi, fensir a dunƙule yake riƙewa, ranar aski kuwa sai an taru a kansa. Wata ta ce ki kai shi fisiyo, wata ta ce okufeshinal tarafi, wato OT, kin rasa na kamawa.

Mai fisiyo manyan gaɓoɓi ne aikinsa: wuya, baya, ƙugu, ƙafafu. Jaririn da wuyansa ya ƙi tsayawa, yaron da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, wanda ke tafiya a ɗage kan yatsu ko yake yawan faɗuwa a matakala, waɗannan nasa ne. Naki ya wuce nan.

Shi kuwa mai OT, abin da yake dubawa shi ne ko yaro na iya hidimar kansa. Da yake okufeshin a Turanci na nufin sana'a, sunan kan ruɗi mutane su zaci maganar neman sana'a ce, alhali sana'ar yaro ai wasa ce da cin abinci da sa tufafi da rubutu. Kafin ya cika shekara ana sa ran ya tsinci ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. A shekara 2 yana kai cokali baki, ko da rabi zai zube. A 3 ya kwaikwayi da'ira, a 4 ya yi yanka da almakashin yara, wajen 5 ya ɓalla maɓalli. Ɗaure igiyar takalmi sai wajen 6, kada ki tsananta masa a kanta. Ki zauna kusa da shi yana rubutu ki gani: yana danna fensir har takarda ta huje? Yana kwantar da kai kan tebur, yana yarfe hannu bayan layi biyu? Wannan ba lalaci ba ne, mai yiwuwa yatsun ne suka gaji.

Batun askin ya fi ɗaukar hankalina. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke ƙara wa taɓi da sauti ƙarfi, ƙarar injin aski ko ɗinkin wuyan riga sai ya zame musu azaba. Wasu kuma akasin haka ne, kullum suna karo da mutane, suna tauna hannun riga, ba sa ƙoshi da lilo. Ana yawan ganin haka tare da otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, amma shi kaɗai bai isa a ce yaro na da shi ba. Mu iyaye mukan kira shi taurin kai, a kai hannu, abin ya ƙara lalacewa.

A ganina OT za ki nema. Sai dai ki fara da likitan yara, a duba idonsa, don raunin gani ma na ɓata rubutu. Ki ɗauki bidiyonsa a waya yana kokawa da maɓalli, domin a gaban baƙo yara kan noƙe. In kuwa abin da ya iya a da ne ya daina iyawa, ko hannu ɗaya ya bar amfani da shi, kada ki jira, a cikin makon nan ki kai shi.